Yadda Ake Shiga Aikin Neman Magani da Kwamfuta, Daga Nan Kaduna

Kwanakin baya wani ƙanen abokina, ɗalibin bayokemistiri ɗan aji huɗu, ya same ni a gida a Unguwar Rimi bayan la'asar, laftof a hammata, baki har kunne. Ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba ya buɗe allo ya ce, "Yaya, ina jin fa na gano maganin maleriya." Wani sinadari ya ɗauko mai suna kuwasetin, wanda ake samu a albasa da ganyen zogale, ya saka shi a manhaja, ita kuma ta ba shi makin da ya zarce na maganin da ake bayarwa a asibiti. Na ce masa, "Madalla. To ka taɓa jarraba manhajar da abin da ka riga ka san amsarsa, ka ga ko tana faɗin gaskiya?" Ya yi shiru yana sosa ƙeya.

Wannan tambayar ita ce sana'ar gaba ɗaya. Danna maɓalli a samu lamba kowa zai iya koya cikin mako guda. Wanda kamfanin magani ke biya albashi shi ne mai sanin lambar da za a amince da ita da wadda za a watsar. Abin da na zayyana wa yaron a ranar shi zan shimfiɗa a nan.

Da farko, san aikin da kake nema

Kafin sabon magani ya isa kemis yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma cikin goma da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, kusan tara ba sa tsallakewa. Aikin mai kwamfuta yana can farkon tafiyar. Akwai wani zagaye da ake ta maimaitawa: a zana sinadari, masu haɗawa su haɗa shi a ɗakin gwaje-gwaje, a gwada shi, a yi nazarin sakamako, a sake zana wani. Haɗa sinadari ɗaya na iya cin makonni da kuɗi masu yawa. Kai ne za ka duba jerin dubbai ka ce, "Ku fara da waɗannan ashirin ɗin."

Mutum uku ne ke wannan ɓangare. Akwai mai lissafin siffar sinadari da furotin. Akwai mai sarrafa bayanai da koyon na'ura. Sai mai rubuta manhajoji da kula da garken kwamfutocin da kowa ke aiki a kai, wanda ba a cika jin sunansa ba amma ranar da bai zo ba aiki ya tsaya. Manyan cibiyoyin wannan aiki suna Basel ta Suwizalan, inda Novartis da Roche suke, da Kambirij ta Ingila inda AstraZeneca take, da yankin Boston a Amurka. A gida Najeriya galibin kamfanonin magani harhaɗa magungunan da aka riga aka gano suke yi, bincike kuwa ya fi zama a jami'o'i da cibiyoyi irin NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja. Gara ka san haka tun yanzu, don hanyar tana iya biyo da kai ta karatun waje ko aiki daga nesa ta intanet.

Mataki na 1: laftof da Linux

Kada ka jira sai ka sayi babbar na'ura. Laftof ta hannu mai RAM 8 ta isa farawa, mai 16 ta fi daɗi. In za ka saya a kasuwa, batirin za ka fi tsananta wa bincike, don ka san halin wutarmu. Ka sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, ko in ba ka son rabuwa da Windows ka kunna WSL, wadda ke ba ka Linux a cikinta. Duk manyan kwamfutocin bincike na duniya da Linux suke aiki, kuma ba su da linzami ba su da hotuna, baƙin allo ne kawai kana rubuta umarni. Ka ba wa kanka wata guda kana shiga kundi, kana kwafe fayil, kana neman kalma cikin fayil mai layi dubu ɗari, duk ta baƙin allon, har hannunka ya saba.

Mataki na 2: Python da Git

Python shi ne yaren fannin. Ka koyi asalinsa, sannan NumPy da pandas don lissafi da jadawali. Daga ranar farko duk abin da ka rubuta ka ajiye shi da Git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane gyara, ka tura GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin wannan aiki. Idan zaman gida shi kaɗai yana kashe maka gwiwa, akwai wuraren haɗuwar masu fasaha irin CoLab a Barnawa inda za ka ga 'yan'uwa. Ba zan daɗe a nan ba, darussan kyauta sun cika intanet.

Mataki na 3: koya wa kwamfuta ganin sinadari

A nan 'yan kwamfuta zalla suke tuntuɓe, 'yan famasi da kemistiri kuma su yi musu fintinkau. Kwamfuta ba ta ganin zanen da malami ke yi a allo, don haka David Weininger ya ƙirƙiro wata hanyar rubutu a shekarun 1980 mai suna SMILES, inda ake rubuta sinadari a layi ɗaya. Farasitamol ɗin da ke cikin durowarka ga shi: CC(=O)Nc1ccc(O)cc1. Asfirin kuma: CC(=O)Oc1ccccc1C(=O)O. Ka ɗauki biro ka zana su daga wannan rubutu har sai ka daina kuskure. Sannan ka sauke RDKit, manhajar kyauta da kusan kowane kamfani ke amfani da ita, ka sa ta lissafa maka nauyin kowanne da yadda yake son mai fiye da ruwa.

Da wannan za ka gwada ƙa'idar da Christopher Lipinski ya wallafa a 1997 lokacin yana Pfizer, sunan da mutanen Arewa ba su manta ba saboda gwajin Trovan a Kano a 1996. Ya lura cewa yawancin magungunan da ake haɗiya nauyinsu bai wuce 500 ba, ma'aunin son mai nasu bai wuce 5 ba, wuraren ba da haɗin haidurojin ba su wuce 5 ba, na karɓa ba su wuce 10 ba. Hannunka-mai-sanda ce kawai, akwai magungunan ƙwarai da suka saɓa mata. Amma wanda bai san ta ba a intabiyu, an gama da shi.

Mataki na 4: zaɓi cuta ɗaya, furotin ɗaya, ka yi gwajin makulli

Shawarata ka ɗauki abin da ke kashe mutane a unguwarku. Ga misalin da na ba yaron. Ƙwayar maleriya tana da wani inzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a jikinta, mai suna DHFR wanda in babu shi ba ta iya hayayyafa. Firimetamin, ɗaya daga cikin sinadarai biyu na Fansidar da ake ba masu juna biyu a awo, shi yake toshewa. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙwayar ta sauya wasu gurabu a jikin inzayim ɗin, na 51 da 59 da 108 da 164, maganin ya rage kama shi. Ka ga tambaya ta gaske ke nan: wane sinadari ne zai shiga ramin duk da sauyin?

Siffofin furotin suna cikin wata taska ta kyauta mai suna PDB, wadda aka kafa a 1971, yanzu da siffofi sama da 200,000 a cikinta. Ka nemi 1J3I, siffar wannan inzayim ce tun kafin sauyin, tare da wani sinadari mai suna WR99210 zaune a raminsa. In furotin ɗinka ba shi cikin taskar, akwai AlphaFold, wadda ta hasko siffofi sama da miliyan 200, har Demis Hassabis da John Jumper suka samu kyautar Nobel a 2024 tare da David Baker. Sai dai hasashe ne. In akwai siffar da aka auna a ɗakin gwaji, ita za ka fara ɗauka.

Abin da 'yan fannin ke kira dokin, ba na hawan sallah ba, gwajin makulli ne: furotin kwaɗo, sinadari makulli, manhaja tana jujjuya shi a bakin ramin tana auna zamansa. AutoDock Vina, wadda ta fito daga cibiyar Scripps a 2010, kyauta ce kuma laftof na ɗaukarta. Ga yadda za ka bi.

Ka fara wanke fayil ɗin. Ka cire ruwan da ba ya cikin ramin, ka ƙara ƙwayoyin haidurojin tunda yawancin siffofin ba su zo da su ba, ka duba ko akwai guntun da ya ɓace. A wannan inzayim kada ka cire NADPH, abokin aikinsa ne, kuma gefen ramin da shi aka gina. Ɗalibai da yawa suna share shi tare da ruwa, sai ramin ya zama zaure, kowane sinadari ya shige ya baje.

Daga nan sai jarrabawar da na tambayi yaron. Ka zare WR99210 daga raminsa, ka hargitsa siffarsa, ka ba manhajar ka ce ta mayar da shi. In ta mayar da shi kusa da inda yake, da tazarar da ba ta kai angistiram 2 ba (angistiram ma'aunin tsawo ne na girman ƙwayar zarra), to saitinka ya fara kama hanya. In ta kwantar da shi kai a ƙafa, duk abin da za ta gaya maka daga baya shaci-faɗi ne. Bayan haka ka haɗo sinadaran da aka tabbatar suna kama inzayim ɗin, ka cakuɗa su da ɗaruruwan da suka yi kama da su a nauyi amma ba a san su da kamawa ba, ka ga ko manhajar za ta tsamo na gaskiyar ta kai su sama. Sai ta ci wannan jarrabawa biyu sannan ka kawo mata baƙi.

Yanzu maganar maki. Vina tana ba da shi da kilokalori a ƙasa da sifili, wanda ya fi nisa ƙasa shi ya fi kyau, kuma kuskurenta na iya kaiwa 2 zuwa 3. Bambancin 1.4 kacal yana nufin ninki goma a ƙarfin kamawa, 2.8 kuma ninki ɗari. To wanda ya samu -8.4 da -8.9 ya ce na biyun ya fi, da me ya auna? Ga kuma wata ɗabi'ar manhajar: tana son manyan sinadarai, ƙato yakan ci maki don girmansa kawai. Shi kuwa kuwasetin da ɗan'uwansa kurkumin na cikin kurkum, sanannu ne wajen yaudara ko a ɗakin gwaji, suna nuna alamar aiki a kan kusan duk abin da aka gwada su da shi. Tun 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway suka fitar da jerin irin waɗannan siffofi masu ruɗi da ake kira PAINS, kuma RDKit tana da matatarsu a ciki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada a ce na raina tsirrai. Atemisinin da ke cikin maganin maleriyar da muke sha yau daga wata ciyawa dangin tazargade Tu Youyou ta Sin da abokan aikinta suka fitar da shi a farkon shekarun 1970, ta kuma samu Nobel a 2015. Amma gwaji ne ya tabbatar da shi, a jikin dabbobi sannan mutane.

Mataki na 5: bayanan gwaji da koyon na'ura

Nan kasuwar aiki ta fi ci a yanzu. Taskar ChEMBL, wadda cibiyar EMBL-EBI ke riƙe da ita kusa da Kambirij, tana ɗauke da sinadarai sama da miliyan 2 tare da sakamakon gwajinsu. A 2010 kamfanin GSK ya saki bayanan sinadarai kimanin 13,500 da suka nuna ƙarfi a kan ƙwayar maleriya, kowa ya ɗauka kyauta. Ka sauke irin waɗannan, ka gina tsarin da zai hasashi ƙarfin sabon sinadari da scikit-learn, kayan koyon na'ura na Python.

Kashi mafi girma na lokacinka a shara zai tafi. Wani ya rubuta sakamako da nanomola, wani da maikuromola, duka ma'aunan yawan sinadari a ruwa ne amma tsakaninsu ninki dubu ne. Sinadari ɗaya ya bayyana sau huɗu da lambobi huɗu. Wani an rubuto shi tare da gishirinsa. Ka daidaita su duka, ka mayar da IC50, wato yawan sinadarin da ke rage aikin abin da ake gwadawa da rabi, zuwa pIC50, inda nanomola 10 ke zama 8, maikuromola 1 ke zama 6.

Sai tarkon da ya fi kama masu wayo. In ka raba bayananka kara-zube, wasu na koyo wasu na jarrabawa, 'yan gida ɗaya za su faɗa ɓangarorin biyu, tsarin ya yi satar amsa, ka ga sakamako kamar a mafarki. Ka raba su dangi-dangi bisa ƙashin bayan siffarsu, yadda dangin da ke jarrabawa ba a taɓa ganinsa a koyo ba. Makin zai faɗo, ranka zai ɓaci, amma shi ne na gaskiya, don abin da kamfani zai kawo maka gobe sabon dangi ne.

Ka kuma sani kama furotin somin-taɓi ne. Shin sinadarin yana narkewa? Hanji zai tsotse shi? Inzayim ɗin hanta irin CYP3A4 zai cinye shi kafin ya yi aiki? Yana toshe hERG, wata ƙofa a tsokar zuciya? Maganin mura da ƙaiƙayi mai suna tafenadin saboda matsalar bugun zuciya aka janye shi daga kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Tsarin da ke hasashen waɗannan abubuwa yana da daraja a kamfani ƙwarai. Darussan TeachOpenCADD na kyauta sun bi yawancin wannan hanya daki-daki.

Mataki na 6: kwaikwayon motsi da garken kwamfutoci

Furotin ba dutse ba ne, a cikin ruwa yake yana ta motsi. Manhajoji irin GROMACS da OpenMM suna kwaikwayon wannan motsi taku-taku, kowane taku femtosakan 2 (femtosakan miliyan ɗaya ne ke yin nanosakan ɗaya, nanosakan biliyan ɗaya kuma daƙiƙa ɗaya). Don ka ga nanosakan 100 kacal sai an yi taku miliyan 50, kowanne da lissafin dubban ƙwayoyin zarra. Nan laftof take durƙusawa.

Na taɓa sa tawa wannan aiki dare biyu, na ɗora ta kan murfin tukunya don ta sha iska, fankarta tana kuka kamar injin markaɗe. Cikin dare na biyu aka ɗauke wuta, batir ya ƙare kafin asuba. Na share komai na faro daga farko, ina ƙunar rai. Sai bayan makonni na gano GROMACS da kanta tana ajiye fayil ɗin inda aka tsaya duk bayan minti 15, da na ƙara -cpi a umarnin da ta ɗora daga nan. Ka karanta littafin manhaja kafin ka kunna ta.

Don gwaji, Google Colab tana ba da aron GPU, wata na'urar lissafi mai sauri, kyauta na 'yan sa'o'i, ka dai riƙa kwashe sakamako kafin ta yanke. A kamfani kuwa garke ne na ɗaruruwan na'urori, ana bin layi ta wata manhaja mai suna Slurm. Da sbatch kake miƙa aiki, da squeue kake duba layi. Ka koyi faɗin adadin ƙwaƙwalwa da lokacin da aikinka ke buƙata ba tare da haɗama ba, ka koyi killace manhajojinka da conda ko Docker yadda wani zai maimaita lissafinka bayan shekara ya samu amsa iri ɗaya. Wanda ya ƙware a wannan kaɗai ma yana da abin yi, ko da kemistirinsa bai yi zurfi ba.

Mataki na 7: fita daga ɗaki

Lissafin da ba a gwada ba zance ne. Mu a Kaduna mun yi sa'a. Hedikwatar cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta ƙasa, NITR, a cikin garin nan take. A Zariya, ABU tana da tsangayar kimiyyar magunguna da kuma cibiyar ACENTDFB mai binciken cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. KASU ma tana da tsangayar famasi. Ka shirya shafi biyu, ka je da ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na lissafa, ko akwai ɗalibin da ke gwaji a wannan ɓangare in taimaka masa da nazarin bayanai?" Ko ba a gwada naka ba, ka tsaya ka ga yadda ake auna IC50 da hannu, yadda sakamakon Litinin ke bambanta da na Alhamis. Daga ranar ba za ka sake rubuta sakamako da alƙaluma huɗu bayan ɗigo ba.

Mataki na 8: nuna aiki, nemi ƙofa

Aiki ɗaya cikakke a GitHub ya fi satifiket goma na kwas ɗin intanet. Ka rubuta tambayar da ka yi, inda ka samo bayanai, jarrabawar da ka yi wa manhaja, da wuraren da ta gaza. Kada ka ɓoye gazawar, ita masu ɗaukar aiki suka fi karantawa.

Gaskiyar magana, kujerar masanin lissafin sinadarai a manyan kamfanoni galibi mai digirin digirgir ake nema. Ɓangaren rubuta manhaja da kula da garke kuwa digiri na farko ko na biyu tare da ƙwarewa yana shigar da mutum. Don ƙaro karatu akwai tallafin Commonwealth na Birtaniya da DAAD na Jamus, malaman jami'a kuma suna da TETFund. Ka sa ido a kan H3D ta Jami'ar Kef Tawun, wadda Farfesa Kelly Chibale ɗan Zambiya ya kafa a 2010, inda aka fitar da sinadarin maleriya MMV048 har ya kai gwaji a jikin mutane. Akwai kuma Ersilia, ƙungiya mai buɗaɗɗun manhajoji na hasashen magani don cututtukan ƙasashe irin namu. Kana zaune a Kawo ko Tudun Wada za ka iya gyara musu kuskure a manhaja, sunanka ya shiga tarihin aikin kowa ya gani.

A intabiyu za a ba ka ɗan aikin Python, a nuna maka sinadarai biyu a ce wanne zai fi narkewa kuma don me, sannan a ce ka gabatar da aikinka. Ka yi atisayen bayyana shi cikin minti biyar ga wanda bai san kwamfuta ba, don a bakin aiki da masu haɗa sinadarai za ka riƙa zama, su kuma abu ɗaya suke son ji: me za mu haɗa mako mai zuwa? Tambayar da ba ta ɓacewa ita ce, "Ta yaya ka san sakamakon nan daidai ne?"

Yaron ya dawo bayan mako uku. Ya mayar da NADPH mazauninsa, ya zare WR99210 ya sa manhaja ta mayar, karo na farko ta kifar da shi, sai da ya gyara girman filin da manhajar ke bincikawa da cajin sinadarin sannan ya zauna daidai. Kuwasetin kuma da ya cakuɗa shi da sinadaran bogi, a tsakiyarsu ya tsaya. Ya ce, "Yaya, to yanzu me zan rubuta a furojet ɗina?" Na ce ya rubuta hakan, da jadawalinsa, sannan ya buɗe ChEMBL ya sauko da bayanan DHFR mu fara shara.